A daina ƙona baƙin mai a cikin unguwanni

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan baƙin mai, wannan da ake juyewa daga injin mota in an je sabis. A nan Jos abun ya zama kamar ba komai ba, da sanyi ya shigo za ka ga samari a bakin gareji da tasha sun zuba shi kan tsumma ko tsohuwar taya sun kunna suna jin ɗumi, wasu masu babbakar kai da ƙafa da ganda ma da shi suke hura wuta wai ya fi itace araha, shara in ta jiƙe ta ƙi kamawa shi ake yayyafa mata.

Man nan fa ya gama zagaya inji ya kwaso ƙarafa masu guba harda dalma, kuma mun san aikin dalma, a Zamfara a 2010 yara sama da 400 ta kashe, duk da can haƙar zinari ce ta jawo. Hayaƙin kuma akwai wata ƙura a ciki da ido bai gani, ta wuce hanci ta sauka can cikin huhu har jini, ga sinadarai masu jawo cutar kansa. Da asuba lokacin hunturu hayaƙin ba ya tashi sama, kwanciya yake a unguwa, masu asma da tsofaffi da jariran da ke goye su suke shaƙa, sai a ce tarin sanyin Jos ne.

Ita kuwa ganda ko an kankare ta an wanke ba duka gubar ke fita ba, a farfesu muke shanye sauran.

A tambayi mutanen Fatakwal, tun 2016 baƙar toka ke sauka musu har cikin ɗaki saboda ɗanyen man da ake dafawa a ɓoye da wanda ake ƙonawa in an kama. Namu bai kai can ba, amma ruwan sama na wanke tokar da ragowar man ya bi kwata ya faɗa rafin Dilimi, da ruwan nan kuma masu lambu ke ba karas da kabeji da latas.

Roƙona shugabannin makanikai su aje duro a kowane gareji a dinga tarawa, akwai masu saye su sake sarrafa shi. Sarakunan pawa kuma su zauna da hukuma a samar wa masu babbaka murhun gas ko da bashi ne, tunda ba su da ƙarfin saye da kansu.

Naku,
Wani mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos