Baƙonku Na Daren Laraba Ya Zalunci Masu Ɗaukar Hoto Irina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Laraba, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai da abin da baƙonku ya faɗa, ya kuma ƙara ɓaci da yadda mai gabatarwa ya bar maganar ta wuce da dariya ba tare da ya tambaye shi hujja ba. A cewarsa, duk wanda aka gani da waya a cikin rukunin gidaje yana ɗaukar hoton masu shara da masu gadi, to ko dai ba shi da aikin yi, ko kuwa leƙen asiri yake yi wa ɓarayi, sannan ya ɗora da cewa hoton waya ma bai kai a kira shi hoto ba. Ina cikin waɗanda ya yi wa wannan kuɗin goro, kuma maganar tasa ta riga ta jawo mini abin da ban taɓa zato ba.

Ni ma'aikacin sito ne a wani kamfani. Aikina ƙirga kaya da rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, kwana shida a mako, kuma ba kasafai nake isa gida ba sai duhu ya yi. Ina fitowa da ƙarfe 6:30, kuma daga ƙofar gidan da nake haya zuwa bakin titin da nake shiga mota tafiyar minti 12 ce. Waɗannan mintuna su ne duk lokacin da nake da shi na ɗaukar hoto, shekara shida ke nan. Idan wannan ne zaman banzan da baƙonku yake nufi, ina so ya zo ya tsaya tare da ni a sito ranar da tirela biyu suka iso lokaci guda, ya ga ko akwai sauran ƙarfin yawo a jikin mutum bayan an tashi.

Abin da ya sa nake ɗaukar hoto a wannan lokacin kuwa shi ne, a sa'ar nan ce rukunin gidajenmu yake hannun mutanen da ke riƙe da shi. Mai gadin dare yana miƙa wa na rana tocila da littafin shiga da fita. Masu kwashe shara suna jan durom zuwa mota, ɗaya a sama yana karɓa, biyu a ƙasa suna ɗagawa. Matar da ke share babban layi ta riga ta ci rabinsa. Mai gyaran famfo yana kan tankin ruwa yana duba abin da ya hana injin ja, direbobi suna wanke motocin iyayen gidansu, masu aikin gida suna shigowa ta ƙaramar ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarfe 8 yawancinsu sun gama sun ɓace, sai mazauna su fito su tarar da layi fes da ruwa a famfo, kuma da yawa daga cikinsu ba za su iya faɗa maka kamannin wanda ya yi aikin ba, balle sunansa. Ni kaina na shekara biyu a wurin ina wuce su da gaisuwar baki kawai. Ranar da na fara neman izinin ɗaukar hotonsu ce ranar da na fara sanin wane ne wane, da wanda ƙafarsa ke ciwo, da wanda yake haɗa wannan aikin da wani na yamma don ya riƙe iyalinsa.

Game da cewa hoton waya ba hoto ba ne, ina ganin baƙonku bai taɓa gwadawa da gaske ba, domin da ya gwada da ya san wahalar da ke ciki. Idon kyamarar waya ƙarami ne, hasken da yake tarawa kaɗan ne, saboda haka da sassafe sai ya daɗe a buɗe kafin ya sami abin da zai ishe shi, kuma duk abin da ya motsa a wannan ɗan lokacin sai ya fito dishi-dishi. Watanni na yi ina ɓata hotunan matar nan mai shara kafin na gane cewa sai na jingina da bango, na riƙe numfashi, na jira tsintsiyar ta kai ƙarshen zuwanta inda take ɗan tsayawa kafin ta dawo, sannan na danna. Na koyi cewa ranar safe, da yake tana ƙasa-ƙasa, daga gefe take bugun mutum, sai ta fito da jijiyoyin hannu da ƙurar da ke tashi, alhali ranar tsaka daga sama take saukowa ta cika ramin ido da inuwa. Na daina jawo hoto da yatsa, domin hakan yanke shi kawai yake yi ya rage masa kyau. Idan ina son kusanci sai in tako da ƙafata, kuma wanda ya tako kusa da mutum dole ya gaishe shi ya yi masa bayani. Ko goge gilashin kyamara da gefen riga kafin a ɗauka darasi ne da sai da na yi asarar hotuna masu yawa na koya. Babu wanda ya koya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan a aji.

Wannan matsala ta haske da motsi ita ce ta kai ni ga wani labari da nake so baƙonku ya sani. A shekarar 1838 Louis Daguerre, Bafaranshen da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauki hoton wani titi a birnin Paris mai suna Boulevard du Temple. A wancan zamani sai an bar kyamara a buɗe na mintuna da dama, don haka kekunan doki da masu tafiya a ƙasa duk ba su fito ba, titin ya zama kamar babu kowa. Waɗanda suka fito su ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge takalmin da ke durƙushe a gabansa, saboda su ne suka daɗe a wuri guda. Ana lissafa wannan a matsayin hoto na farko da aka sani wanda mutane suka bayyana a cikinsa. Ke nan tun ranar da ɗan Adam ya fara shiga hoto, ma'aikacin bakin titi yana ciki yana kan aikinsa, sai ga shi yau wani yana faɗa a rediyo cewa ɗaukar irin waɗannan mutane alamar rashin abin yi ce.

Haka kuma ba tsadar kyamara ko takardar shaida ke yin mai hoto ba. Tun da kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamarar Brownie a 1900 hoto ya bar hannun ƙwararru kaɗai ya shiga hannun kowa, kuma irin wannan kyamarar ce wani kawun Seydou Keïta, shahararren mai hoto na ƙasar Mali, ya kawo masa a 1935, lokacin yana yaro mai koyon kafinta a Bamako. Ya buɗe shagon hotonsa a 1948, kuma yau ana rataye aikinsa a manyan gidajen tarihi na duniya. Vivian Maier kuwa renon yara ta yi kusan shekara 40, mafi yawa a birnin Chicago na Amurka, tana ɗaukar mutanen titi a lokacin da ta samu, ba ta nuna wa kowa ba. Sai a 2007, da aka yi gwanjon kayanta saboda ta kasa biyan kuɗin ɗakin ajiya, aka tarar da hotuna sama da 100,000, ta kuma rasu a 2009 kafin sunanta ya bazu. Ban kawo su don in jera kaina da su ba, na san matsayina. Na kawo su ne domin da irin maganar baƙonku aka bi, da an ce wa mai renon nan ta ajiye kyamara ta kula da abin da aka ɗauke ta yi.

Ban ce tsoron da mutane ke ji game da tsaro ba shi da tushe ba. Ni ma a wurin nake kwana da iyalina, kuma ba na so wani baƙo ya zo yana ɗaukar ƙofofinmu. Shi ya sa na sa wa kaina dokoki tun farko: ba na ɗaukar lambar gida ko lambar mota, ba na ɗaukar yaran kowa, na kashe abin da ke maƙala wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma ba na danna waya sai mutum ya ce ya yarda. Idan na ɗauka nakan nuna masa nan take, in ya ce a goge in goge a gabansa. Matar nan mai shara ta taɓa sa ni goge hoton da na fi so a cikin duk waɗanda na yi mata, domin ba ta so 'ya'yanta su gan ta da tsohuwar rigar aiki, kuma na goge duk da abin ya yi mini ciwo, domin fuskarta ce ba tawa ba. Ɗan leƙen asirin ɓarayi ba ya tsayawa a fili kullum a sa'a guda, ya faɗi sunansa da lambar gidansa, ya kashe kuɗinsa ya wanko hoto ya kawo wa mai shi. Da mai gabatarwa ya yi wa baƙon wannan tambaya guda, da maganar ba ta kai inda ta kai ba.

Ga inda ta kai. Ranar Juma'a kwamitin mazauna rukuninmu ya aiko da sanarwa a WhatsApp cewa an hana ɗaukar hoto a ko'ina cikin harabar, kuma wanda ya rubuta ta ya ambaci shirinku a matsayin dalili. Babu wanda ya kira ni, alhali kowa ya san ni kaɗai ne nake wannan abu a wurin, kuma wannan kwamitin ne bara ya roƙi hotunan da na yi ta ɗauka na magudanar ruwan da ta toshe, wata bayan wata, ya kai wa kamfanin da ke kula da gidajen, har aka zo aka gyara. A lokacin hotunan waya hotuna ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda aka ɗora wa aikin tsayar da ni. Dattijo ne mai gadin dare, ya fi shekara 10 a ƙofar nan, iyalinsa suna nesa kuma ba su taɓa ganin inda yake aiki ba. Shekara uku da suka wuce ya roƙe ni in ɗauke shi a bakin ƙofa da kakinsa, na yi ta zuwa har sau huɗu kafin na sami hasken da ya dace, na wanko guda biyu, ya aika da ɗaya gida, ɗayan kuma har yanzu yana manne a bangon ɗakin gadi saman kujerarsa. Safiyar Asabar na fito kamar kullum, na ciro waya don in ɗauki masu kwashe shara da muka saba, sai ya taso ya zo gabana, kansa a sunkuye, ya ce in yi haƙuri in mayar da ita aljihu, domin an ce idan aka sake ganina ina ɗaukar hoto, to a bakin aikinsa. Na ce masa: "Baba, kada ka damu, ba laifinka ba ne." Na mayar da wayar, na wuce, amma wallahi har na isa sito ban iya haɗa lissafin farko daidai ba. Mutumin da ya girme ni da kusan shekara 25 aka sa ya ji kunyata, ni kuma aka sa na zama abin zargi a gaban mutanen da na shekara shida ina girmamawa, duk saboda maganar da wani ya yi a cikin minti biyu ya tashi ya tafi gidansa.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Ƙarar tallace-tallacenku ta fi ta shirin kansa nesa ba kusa ba, har sai mutum ya riƙa tashi yana rage murya duk bayan minti goma don kada ya tashi yara daga barci, kuma layin wayar da kuke bayarwa ba ya shiga. A daren Laraban nan na kira ya fi sau goma, na kuma aika da saƙo, ba a karanta ba.

Abin da nake nema a wurinku shi ne ku karanta wannan wasiƙa a cikin shirin, a daidai lokacin da aka yi waccan magana, domin waɗanda suka ji ta su ji amsarta. Ina kuma roƙon ku sake zama a kan batun, ku gayyato wanda yake ɗaukar hoto bayan ya tashi daga aiki, ku gayyato mai gadi ko mai shara ya faɗi da bakinsa ko yana so a ɗauke shi ko ba ya so, domin a shirin Laraba an yi ta magana a kansu babu ko ɗayansu a ɗakin. Idan kuna buƙatar hotuna zan kawo, amma sai na fara komawa wurin masu su na nemi izini. Kwamitinmu zai zauna ƙarshen wata, na riga na rubuta musu ina neman a ba ni dama in yi bayani, kuma zai taimaka mini ƙwarai idan kafin ranar an ji gyara daga bakinku.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai sauraronku na kullum, ma'aikacin sito