A tuna da Mai Shari'a Aloma Mukhtar tun tana raye

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. 'Yata tana karatun lauya a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kwanaki na tambaye ta ko ta san cewa Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar a nan Zariya ta yi ƙuruciyar karatunta, a makarantar St. Bartholomew da ke Wusasa. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Wannan baiwar Allah ita ce lauya mace ta farko daga Arewa. A 1977 ta zama alƙali a Babbar Kotun Kano, ta hau Kotun Ƙoli a 2005, sannan a watan Yuli 2012 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya, har ta yi ritaya a 2014 tana da shekara 70.

Amma abin da ya fi ɗaga darajarta a idona shi ne shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007. A Disamba 2008 alƙalai huɗu na Kotun Ƙoli suka tabbatar da nasarar Umaru 'Yar'aduwa. Ita da wasu alƙalai biyu, Oguntade da Onnoghen, suka ce a soke zaɓen. Mai mulki yana kan kujera, amma ta faɗi abin da ta gani a gaban Allah, ba ta ji tsoro ba.

Ina roƙon tsangayar shari'a ta Kongo ta sa sunanta a wani zauren karatu, ta kuma riƙa karantar da ɗalibai wancan hukunci nata.

Wata uwa,
Tudun Wada, Zariya