Zuwa ga ɗana a Yamai, kan cinikin jirgin ruwa

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan Damagaram lafiya lau, sai zafi da ƙarancin ruwan famfo da ka sani.

Hotunan jiragen biyu sun iso. Innarka ta sha dariya, wai mu muna jiran ɗan ga-ruwa, kai kana can kana taya jirgi. Ban taɓa tuƙa komai a kan ruwa ba, amma shekara 30 na yi ƙarƙashin manyan motoci a gareji, halin inji kam na san shi.

Farin nan mai ɗaki da gado da makewayi shi ya tafi da hankalinka, na ji a muryarka. Injinsa na gazuwal ne, a binne cikin jirgin, farfela can ƙasa. Ba ya shan mai sosai, kuma yana jure aiki, ban musa ba. To a wane ruwa za ka sa shi? Kogin Isa yana cika a Agusta da Satumba, ya sake tasowa wajen Disamba da Janairu idan ruwan Gine ya iso, daga nan sai ja da baya. Kafin Mayu da Yuni yashi da duwatsu sun fito fili. A 1985 ma daina gudu ya yi a Yamai. Jirgi mai zurfin ciki ɗaure shi za ka yi watanni kana biyan mai gadi.

Ni shuɗin nake so maka, duk da ɗakinsa matsattse ne kuma zai ci maka kuɗin isansi. Injinsa Yamaha ne na ratayawa a baya. Ka zo wuri mara zurfi, ka ɗaga shi. Kainuwa ko ragar masunta ta naɗe farfela, ka warware da hannu. Ya ƙi tashi, a kwance shi a kai wa makaniki, tunda irinsa masu kwale-kwale suke aiki da shi, kayan gyaransa ba su ɓuya. Na taɓa sayen wata tsaleliyar mota da ba wanda ya san injinta a garin nan. Famfon manta ya mutu, ta kwana biyu a ƙofar gida har kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinta, a ƙarshe 'yan gwangwan suka ɗauka.

Kada ka biya sai an tayar maka da injin da sanyin safiya, kafin ya yi ɗumi. Ka dubi hayaƙin, ka dubi ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya. In babu shi, injin ba ya samun sanyi. A fito da jirgin tudu ka shafa cikinsa, faci ba ya ɓoyuwa ga tafin hannu.

Rigar ruwa kuma kowa da tasa, yara daidai jikinsu. In za ku yi wajen Bubon ko Ayoru, ka ɗauki Basorke, masuncin kogin, ya zauna gaba, shi ya san makwancin dorina.

Innarka ta ce ita daga gaɓa za ta yi kallo. Ka gaya wa amaryata ta ajiye min wuri kusa da ita, ina tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.

Naka,
Baba