Dabbar da aka kulle a furiyar amana ce, a ba ta ruwa da abinci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ku ba ni fili a jaridarku in yi magana kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun watan Afrilu, maganar furiyar ce, wato garken nan da ƙananan hukumomi ke kulle dabbobin da aka kama suna yawo ko sun yi ɓarna har mai su ya zo ya biya ya karɓa.

Gyatumata tana zaune a wani gari nan kusa da Damagaram, ba zan faɗi sunan garin ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Tana da jar akuya irin ta Maraɗi, da ita take rufa wa kanta asiri, ta haifi ƴaƴa biyu ko sati uku ba su yi ba. Ranar wata Lahadi ta tsinke igiya ta fita, aka nema aka rasa, yara sun zagaye gari har wurin mahauta an je, sai ranar Laraba wani mai amalanke ya ce mana ku duba furiyar. Kwana uku kenan fa, garin ga mai unguwa ga masallatai ga mai shela, amma ba wanda ya sanar cewa an kama akuya kaza mai kama kaza.

Ni na je karɓo ta kuma wallahi abin da na gani har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Fili ne an kewaye da katanga, babu rumfa babu itace ko ɗaya, ga ranar Afrilu wadda duk ɗan Damagaram ya san zafi na wuce 40, komin ruwa a bushe ƙurmus har ƙasa ta taru a ciki. Awaki da tumaki da jakuna biyu duk an cakuɗa su waje guda, wata tunkiya tana kwance majina ta toshe mata hanci tana numfashi da ƙyar kuma lafiyayyu na shinshinar ta, ɗaya jakin kuwa da gyambo a baya ƙudaje sun rufe shi. Akuyarmu hantsarta ta kumbura ta yi tauri saboda kwana uku ba a sha ba, ƴaƴanta kuma can gida gyatuma na ɗura musu madarar gari da cokali, ɗaya bai kai Juma'a ba ya mutu.

Ban ga laifin mai gadin ba sosai, dattijo ne, ya ce da ni ɗana ba a ba ni kuɗin harawa ba ba a ba ni na ruwa ba, in na samu ɗan garuwa ya tausaya ya zuba jarka guda shi kenan. Na biya jika biyu da rabi, na ce a ba ni takardar shaidar biya aka ce ta ƙare. To ina kuɗin nan ke zuwa? Tunda an ce ana lissafin kuɗin ne da kwanakin da dabba ta yi har da na cinta, wane ci ta yi?

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ba na cikin masu cewa a rufe furiyar. Duk wanda ya taɓa shuka ɗan zogale ko ya dasa itace ƙofar gida akuya ta cinye cikin dare ya san zafin abin, kuma da damina kafin a saki gonaki furiyar ce ke hana manomi ya ɗauki adda ya sari dabbar makiyayi, rigima ta tashi har a rasa rai. Ga haɗarin babura da dabbobi ke jawowa kan kwalta. Kamawa daidai ne, amma wanda ya kama ya kulle to ya ɗauki nauyi. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu, yana cikin Buhari da Muslim. Ku duba ku gani in ba shi ne ainihin abin da ake yi a garken nan ba, da sunan hukuma kuma. Ko ta fuskar doka ma, dokar kiwo ta ƙasarmu Nijar mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta yi maganar furiyar, kuma ta ɗora wa hukumar da ke da garken nauyin tsaron dabbobin da cinsu da lafiyarsu muddin suna ciki.

Na san za a ce ruwa, mu mutane ma a Damagaram ba mu ƙoshi da shi ba balle dabba, tun zamanin ruwan Gogo da Machaya har aka jawo na Arunguza da Ganaram har yanzu da rani sai ka ga layin jarkuna tun asuba. Gaskiya ne. Amma dabba nawa ne a furiyar guda? Kuɗin kan akuya ɗaya ya isa ya sayi ruwan yini na garken gaba ɗaya in dai kuɗin na komawa inda ya kamata.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙananan hukumomi ba wani abu ne mai tsada ba. Babban abu shi ne littafi, a rubuta kowace dabba ranar da ta shigo, wa ya kawo ta, daga ina, kamanninta, ranar da ta fita da nawa aka biya, a manna farashi a ƙofa kowa ya gani, a ba da takarda. Muddin babu rubutu to dole a yi ta zargin cewa wasu dabbobin ta bayan katanga suke fita su ɓulla kasuwar Dole ranar Alhamis, ko da ƙarya ne ba mai iya wanke kansa. Musamman jakuna, tunda kowa ya san yadda fatarsu ta yi daraja saboda masu saye daga Sin har gwamnati ta hana fitar da jakuna waje a 2016, Tarayyar Afirka ma ta hana yanka su don fata a 2024, to jakin da ya kwana furiyar ba rubutu wa zai tabbatar da inda ya ƙare? In kuma wa'adi ya cika za a yi gwanjo a yi shi a fili bayan an yi shela, kar a wayi gari a ji an sayar.

Sai rumfa ko ta zana ce, da ɗan wuri daban na marasa lafiya, malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo ya dinga leƙawa ko sau ɗaya a sati, don banza ne gwamnati ta yi ta rigakafi kyauta duk shekara sannan a haɗa mai ciwo da mai lafiya a garke guda, kowa ya karɓi tasa ya kai annoba gida. Dabba mai shayarwa kuma a nemi mai ita a ranar, yanzu kowane mai unguwa na da waya, hoto guda a WhatsApp ya isa. Mai gadi a biya shi haƙƙinsa kan lokaci.

Mu masu dabbobi ma da namu laifin, igiyar da akuyar gyatumata ta tsinke ta daɗe da ruɓewa kuma ni ya kamata in canza ta, na sayo sabuwa na kafa mata turke. Akuyar ta warke amma rabin hantsar ya mutu ba ya kawo nono, ɗan da ya rage da gefe guda yake sha.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku mai karatu,
daga unguwar Garin Malam, Damagaram