Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhajin Da Ya Tambaye Ni Kan Teɓa Da Jijiyoyin Jini

Assalamu alaikum Alhaji,

A taron wayar da kai kan hawan jini da aka yi a unguwarku, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko gaskiya ne kitsen teɓa narkewa yake yi ya gangara ya toshe jijiyoyin jini, kuma idan haka ne, me zai hana likita ya zuƙe shi kowa ya huta. Kiran sallar Magariba ya katse mu, shi ya sa na rubuto a fili domin waɗanda suka ji tambayar su ji amsarta.

Likitoci sun daɗe suna ɗaukar kitse a matsayin rumbun da jiki ke ajiye rarar abinci kawai. Wannan fahimta ta sauya a 1994, lokacin da Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano leftin, sinadarin da kitse ke sakewa cikin jini don ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Ashe kitse saƙo yake aikawa, kuma jijiyoyin jini suna cikin masu karɓa.

Cikin kowace jijiya akwai wata siririyar shimfiɗa da jini ke gogawa yana wucewa, ita ce ke samar da nitirik oksaid, wanda ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe, ya kuma hana jini daskarewa a jikinta. Kitse mai lafiya yana taimaka mata da wani sinadari mai suna adifonektin, wanda aka gano tsakanin 1995 da 1996 a Amurka da Japan. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan lamari shi ne, yayin da teɓa ke ƙaruwa, wannan sinadari mai amfani raguwa yake yi. Ƙwayoyin kitsen da suka cika suka kumbura suna jawo fararen ƙwayoyin jini, su kuma su riƙa fitar da sinadaran kumburi dare da rana, leftin ya yi yawa ya taimaka wajen ɗaga jini, wani sinadarin kuma ya hana jiki narkar da gudan jini da wuri. Shimfiɗar nan sai ta raunana, kolestarol, wato maiƙon da ke yawo cikin jini, ya samu ƙofar kutsawa cikin bangon jijiya ya taru shekara da shekaru, har ranar da wurin zai fashe, gudan jini ya toshe hanya, a ce wane ya faɗi da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Ka tuna ragon Layya idan an feɗe shi: akwai kitsen da ke ƙarƙashin fata, akwai kuma farin nan da ya lulluɓe kayan ciki. Na biyun shi ne ya fi haɗari a jikin ɗan Adam, domin jinin da ya ratsa shi hanta yake nufa kai tsaye da duk abin da ya kwaso. Injin zuƙe kitse kuwa na ƙarƙashin fata kaɗai yake iya kaiwa. A 2004 Samuel Klein da tawagarsa a birnin St. Louis na Amurka sun zuƙe wa wasu mata masu ƙiba kimanin kilo 10 na kitsen fatar ciki, amma bayan makonni ba a ga sauyin kirki a awon hawan jininsu ko sukarinsu ko sinadaran kumburin ba.

Saboda haka, Alhaji, ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai saitin cibiya, a tsaye, ba tare da ka haɗiye numfashi ba. Ana so awon ya gaza rabin tsayinka, wato mai tsayin santimita 170 kada ya kai 85. Idan ya haura, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka ya isa a fara ganin sauƙi, kuma kitsen ciki yana saurin amsa tafiyar ƙafa ta kullum da rage lemon kwalba da sukarin shayi. Maganin hawan jinin da ka ce an rubuta maka kuwa, ina roƙonka kada ka ajiye shi don ka fara motsa jiki, sai likitanka ya auna ya ce a rage.

Allah ya ƙara lafiya. Ka gaishe da iyali.

Naka,
Likitan da ya yi muku jawabi