Rahoton ayyukan ƙungiya na bana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton shekara kamar yadda aka saba, dan Allah kowa ya daure ya karanta har ƙarshe, kar a zo taro ana tambayar abin da aka riga aka rubuta.

Tarukan wata-wata an yi su, banda na lokacin jarabawa. Buɗa-baki da zaman sallah ma an yi lafiya.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne tafiyar Timgad da ke nan ƙasar Aljeriya, waɗanda suka je sun san me nake nufi. Da asuba muka tashi daga Kusantina muka bi ta Batna, daga nan wajen kilomita 35 ne ka isa. Garin Rumawa ne da sarki Trajan ya kafa wajen shekara ta 100 miladiyya dan tsofaffin sojojinsa, amma wallahi sai ka taka titin da ƙafarka za ka yarda, tituna ne miƙaƙƙu sun gicciye juna kamar da igiya aka ja su, kuma har yau sawun ƙafar karusa na nan kwance a jikin duwatsun. Mun tsaya ƙarƙashin babbar ƙofar Trajan mai tsayin mita 12, muka hau dandalin wasan kwaikwayo da aka gina a jikin tudu wanda ke ɗaukar mutum kusan 3,500, wani ɗan uwa ya sauka can ƙasa ya rera waƙa mu da ke sama muna jin sa sarai ba lasifika. 'Yan injiniyancinmu kuwa da ƙyar muka janyo su daga kan magudanan ruwa da ke bi ta ƙarƙashin titi da gidajen wanka, suna ta musu kan yadda ake ɗumama ɗaki ta ƙasan daɓe. Rairayi ne ya binne garin shekaru aru-aru shi ya sa bai lalace ba, sai a 1881 Faransawa suka fara tono shi, a 1982 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Kowa ya biya kuɗin motarsa kafin ranar, ba wanda aka bi bashi, aka je lafiya aka dawo lafiya. Allah ya saka wa kwamitin tafiya da alheri, musamman 'yan uwa mata da suka kwana suna girkin guzuri.

Ni inda ya fi taɓa ni shi ne ɗakin karatun garin, wanda mutum ɗaya ya ba da dukiyarsa aka gina wa jama'a. Mu kuma kantar littattafan da muka yi alkawarin haɗa wa sabbin ɗalibai har yanzu ba ta kammalu ba, kuma ina jin ana cewa shugabanni sun yi sakaci. To ba sakaci ba ne. Kafinta ya yanka katako yana jiran cikon kuɗinsa, ko rabin mambobi ba su biya kuɗin wata ba, ɗan abin da ke asusu kuwa shi muka kashe lokacin da ɗan uwanmu ya kwanta a asibiti, kuma da za a maimaita haka za mu sake yi. Rasit na wajen ma'aji, mai so ya je ya duba.

Gaskiya na gaji da bin mutane ɗaki-ɗaki. Ka tura saƙo a WhatsApp a karanta a yi shiru, amma ana sa hotunan Timgad sai ga su da "me ya sa ba a gaya mana ba". An gaya muku, an kuma nanata. Mun san alawus na makara, wanda ke cikin matsi ya zo ya faɗa mana a asirce, ba mai tona shi, shirun ne ke ci mana rai.

Baɗi in Allah ya kai mu muna son zuwa Jamila, wani tsohon garin Rumawan da ke kusa da Satif, amma sai an gama kantar nan tukuna, kuma kujerar mota ta wanda ya biya bashinsa ce. Ma'aji na karɓar kuɗi kowace Juma'a bayan masallaci.

Sakataren ƙungiya