Wasiƙa daga bakin kogin Waimea

Honolulu, Hawai

Zuwa ga aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Na san kana cike da ni, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba. Rabin laifin nawa ne, rabi na agogo. Awa 11 ke tsakaninmu, lokacin da kake fita asuba a Kano ni ina alwalar magaribar jiya.

Abin da ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo shi ne na je wani wuri da na yi ta tuna ka. Kai da ka sha sanyin Rasha shekara shida kana karatu, ka dawo ka ishe mu da cewa babu inda mutanenka Rashawa ba su taka ba, to ga shi na tarar da sawunsu a tsakiyar tekun Fasifik, inda ko rigar sanyi ba a sani ba.

Sunan tsibirin Kauai, a baki kamar "kawai" ɗinmu. Daga Honolulu jirgi bai cika awa guda ba ya sauke mu a Lihue, muka ɗauki hayar mota ni da wani abokin aikina muka nufi yamma. A bakin kogin Waimea, kafin ka haye gada ka shiga gari, nan kufan wata tsohuwar ganuwar yaƙi yake. Gaskiya da farko gwiwata ta yi sanyi. Na zo da hoton wani gini mai soro da ƙofar ƙarfe a raina, sai na tarar da tarin baƙaƙen duwatsu a jere, ciyawa ta cinye su, ƙasa ja wur kamar ta hanyar Zariya da rani. Babu siminti, babu laka tsakanin duwatsun, ɗora su aka yi wani kan wani aka cika tsakiya da ƙasa. Sai da na zagaya na gane siffar: ganuwa ce mai ƙusurwoyi kamar tauraro ta ɓangaren teku, inda ake girke igwa. Faɗinta ya kai mita 90 ko fiye. Ka tuna yadda muke hawa badala wajen Ƙofar Na'isa muna yara? Haka na ji, sai dai nan teku ce a gabanka, can nesa kana hango tsibirin Niihau kwance kamar hayaƙi.

Labarin wurin ne ya fi ginin daɗi. A watan Janairun 1815 wani jirgin kamfanin Rasha mai fataucin fatu a Alaska, sunansa Bering, ya farfashe a wannan gaɓar. Sarkin tsibirin, Kaumualii, ya kwashe kayan. Shugaban kamfanin, Baranov, da ke zaune a Sitka, ya aiko wani likita Bajamushe mai suna Georg Schäffer ya karɓo dukiyar. Aiken ke nan, bai wuce haka ba. Amma ka san ɗan aike idan ya ga fili. Da ya iso Kauai a 1816 sarki ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya ce kaya ai ba matsala, har ma ya yi caffa ga Sarkin Rasha Alekzanda na ɗaya. Suka ƙulla wata yarjejeniya a asirce: Rasha ta kawo jirage da makamai, sarki ya ba da mayaƙa 500, a ƙwace Oahu da Maui da wasu tsibirai daga hannun Kamehameha, babban sarkin da ya haɗe Hawai. Ladan kamfani kuwa rabin Oahu da cinikin itacen sandal, wannan dai da matanmu ke turare da shi, wanda a lokacin ake kai wa Sin ana samun kuɗi na fitar hankali.

Likita ya ɗauka ya yi wa Rasha kamun ƙasa. Ya kafa tuta, aka fara gina ganuwar nan, ya raɗa mata sunan Elizabet matar Sarkin Rasha, ya je arewacin tsibirin a Hanalei ya tayar da wasu ƙanana guda biyu. Ni kuwa da na tsaya a kan duwatsun nan, sai na ga kamar shi aka yi wa wayo. Kaumualii tun 1810 ya sunkuyar da kai ga Kamehameha ba da son ransa ba, yana neman wanda zai jingina da shi ne. Ga baƙo ya zo da bindigogi yana cika baki da sunan wani sarki mai nisa, me zai hana a ɗan yi masa fadanci? Kowa na ganin ya samu bawan Allah.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ƙarshen 1816 wani hafsan jirgin ruwan Rasha na gaske, Kotzebue, ya biyo ta Hawai, ya shaida wa Kamehameha cewa sarkinsu bai san da wannan zance ba. Fataken Amurka, da dama ba sa son kishiya a kasuwar sandal, suka ƙara zuga wuta. A 1817 aka tasa ƙeyar likita, ya bar tsibirin a wani jirgi mai yoyo da ƙyar ya kai Honolulu. Daga baya fadar Rasha ta ce ba ta so, ba ta aike shi ba. Mutumin bai daddara ba fa, ya ƙare a Brazil yana ɗebo wa sarkin can Jamusawa, a can ya mutu a 1836.

Ka lissafa da kyau, Malam. Zaman Rashawa a wurin nan bai fi shekara guda ba. Mutanen Kauai ne suka ɗauko duwatsun, su suka ƙarasa ginin bayan an kori baƙon, kuma sojojin masarautar Hawai ne suka zauna ciki shekaru da dama, kafin a kwashe igwogin a 1864. Jinin da ya zuba a nan ma nasu ne: a 1824, bayan rasuwar Kaumualii a Oahu inda aka ɗauke shi aka tsare tun 1821, ɗansa Humehume ya kawo wa ganuwar hari yana neman gadon gidansu, aka murƙushe shi. Duk da haka shekara da shekaru allon bakin hanya na cewa ganuwar Rasha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na yi wannan katoɓarar da bakina. Wata dattijuwa ce ta zo da furanni ta ajiye a gindin mutum-mutumin tagulla na Kaumualii da aka kafa a 2021, yana zaune yana fuskantar teku. Na gaishe ta, na ce na zo ganin ganuwar Rasha. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube ni irin kallon da Inna ke yi wa wanda ya shigo gida ba sallama, ta ce sunan wurin Paulaula, ta sa na maimaita har sau uku sai da harshena ya faɗa daidai. Ma'anarsa jan shinge, saboda launin ƙasar. A 2022 hukuma ta mayar wa wurin wannan suna. Na ji an yi ta ja-in-ja kafin nan, don wasu Rashawa ba su so a cire sunan ƙasarsu ba. Kai ma na san ɓangaren da za ka bi, ina jiran hujjarka.

Sauran labari kaɗan ne. Na je da silifa kamar mai zuwa masallacin unguwa, wata ƙaya ta bishiyar da suke kira kiawe, 'yar uwar gawo ce a mugunta, ta huda takalmin ta shige min dunduniya. Ina zaune ina cire ta, kajin daji da suka cika tsibirin, waɗanda ba su da mai su, suka yi awon gaba da burodina. Azahar ta same ni a nan, na duba waya, alƙibla ta nuna arewa ta ɗan karkata yamma. Har yau idan na tayar da sallah a ƙasar nan sai na ji kamar na juya wa gabas baya da gangan.

Af, na manta: a wannan bakin kogin ne Kyaftin Kuk na Ingila ya fara sauka a Hawai a 1778. Akwai gunkinsa a cikin gari, ban tsaya ba, ƙafa na zogi.

Idan mai zuwa ya samu, a taimaka min da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun azumi. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina nan ina yi mata addu'a. Ka gaida mutanen majalisa, musamman Alhaji ƙarami, ka faɗa masa ban manta da bashinsa ba.

Naka har kullum,
Sadiƙu